Irin Karoti: Daga Ina Ya Zo, Don Me Muke Sayensa?

Dattawanmu shaida ne: kakanninmu ba su taɓa zuwa kasuwa neman irin hatsi ba. Ranar girbi ake zaɓen zangarniya mai kyau, a ɗaure daminta daban, a sa cikin rumbu, ko yunwa ta matsa ba a taɓa shi. Haka mutanen Galmi ke yi da albasa. Su zaɓi manya, su ajiye cikin rudu har damana ta wuce, su sāke dasawa, ta yi fure, su sami iri na kansu. To, karoti fa?

Karoti baƙo ne. Asalinsa tsakiyar Asiya, wajen Afganistan, inda ake nomansa fiye da shekara 1000 da suka wuce, kuma a lokacin launinsa shuɗi-shuɗi ne ko rawaya. Wannan ja da muka sani a ƙasar Holan aka gyara shi, wajen ƙarni na 17. Zamanin Nasara ya iso mana, tare da shu da salati da farsil, cikin garake na bakin birane. Bai shiga ƙauyuka sosai ba sai bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a noman rani. Aka haƙa rijiyoyi, aka raba iri, muka shuka, muka ci, muka sayar. Abin da ba a raba mana ba shi ne yadda za mu fid da irin.

Dalili kuwa yana cikin halin tsiron. Shekarar farko sai ya tara abinci cikin saiwa. Ba ya fure sai saiwar ta sha sanyi mai tsanani na makonni da yawa, irin na ƙasashen da ya fito. Ɗarinmu na Disamba da Janairu sau da yawa bai kai ba. Farsil da seleri, danginsa, haka suke. Shi ya sa kowace shekara sai gwangwanin iri daga waje. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, duk mai garka ya ji a jikinsa.

Amma wani lokaci akan ga wani gindi ya fid da kara, ya yi farin fure kamar laima. Kada a yi saurin murna. Wanda ya yi gaggawar fure tun saiwarsa ba ta yi kauri ba, ƴaƴansa ma haka za su yi. In kuwa gwangwanin an rubuta F1, ƴaƴan ba za su ɗauko uwa ba. Mai son gwadawa ya tone, ya zaɓi saiwa miƙaƙƙiya mai kyan launi, ya rage ganyen, ya sāke dasawa, kuma iri guda kawai, don ƙudan zuma na gauraya su. Laimar ta bushe, a yanke, a murza a inuwa, a rufe cikin kwalba. Da zafin ƙasarmu, kada ya wuce shekara 2 a ajiye.