Murhu da Titi: Tsoffin Wuraren Cin Abinci na Damagaram da Gyaran Tsakiyar Gari

Littattafan tarihin Damagaram cike suke da sunayen sarakuna, da labarin yaƙoƙi, da ganuwa da igwogin Sarki Tanimun, Allah ya ji ƙansa, amma da wuya mai karatu ya tarar da layi biyu a kan mutanen da suka ciyar da garin. Alhali kuwa duk wanda yake son ya san inda cibiyar birnin Zinder take a kowane zamani, to ya nemi inda hayaƙin murhu yake tashi da safe da kuma inda tukubar mai tsire take haskawa bayan magariba. Sau da yawa cibiyar ta gusa a cikin shekara ɗari da hamsin da suka shige, kuma kowane karo masu tuwo da masu fura da mahauta su ne suke fara nuna inda ta koma.

A ƙarni na 19 garin kashi biyu ne. Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fada take da babban masallaci da gidajen masu sarauta. Akwai kuma Zango, a arewa da shi, masaukin ayarin raƙuma, inda Buzaye da Larabawan Gadamas da fataken Kano suke sauke kaya. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Zinder a ƙarshen watan Disamba na 1852, ya kuma bar ta a ƙarshen Janairu na 1853, ya tarar da ita mahaɗar hanyoyin Borno da Kano da Azbin. A wancan lokaci baƙo ba ya neman gidan sayar da abinci irin wanda aka sani yau. Yana da fatoma, wato mai masaukinsa, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, matan gidan kuma su kai masa tuwo safe da dare. Manyan attajirai irin su Malam Yaro da wannan hidima suka riƙe baƙinsu. Saboda haka gidan fatoma shi ne kakan duk wani gidan abinci na Damagaram, kuma daga can aka gaji ɗabi'ar da har yanzu ba ta mutu ba, ta cewa mai ci baƙon mai girki ne kafin ya zama mai ciniki.

Abin da ke cikin akushin ma labarin hanyoyin nan yake bayarwa. Gishiri da dabino daga Bilma da Fashi suke zuwa a bayan raƙuma. Cuku na Buzaye ne. Burabusko gadon Barebari ne, dangin gidan sarauta. Kayan lambu daga fadamun Mirya, nono kuma daga rugagen Fulani. Alkaki, wanda har gobe matafiyi ba ya son barin Damagaram bai saya ba, alkama da zuma yake bukata da haƙurin mai yi, don haka tun asali abincin manya ne da na gara.

Zuwan Nasara ya juya wannan tsari. Bayan kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, sojojin Faransa suka ci garin a 1899, suka kafa bariki a kan duwatsu, kuma daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar mulkinsu a wannan ƙasa. A shekarun nan ne layin dogo ya iso Kano, fataucin hamada ya soma ja da baya, gyaɗa ta karɓi wurinsa. Tsakanin Birni da Zango aka sami sabon fili na ofisoshi da kantunan kamfanonin Turawa, aka kuma sami wani irin mutum da garin bai saba da shi ba: soja, da masinja, da lebura, da magini, da akawu, masu albashi a aljihu amma ba su da fatoma, ba su da mata a kusa. Su ne suka sa tuwon sayarwa ya fito daga cikin gida ya zauna a bakin hanya. Wuri ya ɓace, dala ta zo, aka soma auna malmala da ita. Ko da aka mayar da sarauta ga gidanta a 1923, zamanin Sarki Barma Mustafa, sa'an nan aka ɗauke hedkwata zuwa Yamai a 1926, kasuwar cin nan ba ta koma cikin ganuwa ba.

Ya kamata a tsaya a kan gidan mai tuwo, domin matasan yau da suka tashi da shinkafa a cikin leda ba su san yadda yake ba. Ba shi da allo a ƙofa. Da sunan matar ake kiransa, ko da itacen da ke gabansa, ko da masallacin da yake maƙwabtaka da shi, har baƙon da ya sauka a tasha sai an yi masa kwatance. Zaure ne ko rumfar kara, da tabarmi biyu ko uku, da buta da ƙwaryar wanke hannu. Tun kafin asuba an yi surfe da niƙa, ɗan ga-ruwa ya cika randuna, domin Zinder a kan dutse take zaune, ruwa kuwa ya daɗe yana wahalar da ita, har yana cikin dalilan da aka bayar na ɗauke hedkwata. Mai tuwo tana tuƙi da muciya, tana kwasa da mara, miyar kuka a tukunya guda, ta kuɓewa a wata, man shanu a gefe ga wanda ya ƙara kuɗi. Galibinsu zawarawa ne ko dattijai mata, domin matar aure a ɗaka take girkinta, ƴarta ta fita da shi talla. Da ribar nan ake zubin adashe, da adashen ake yi wa ƴa kayan ɗaki, wasu har kujerar Makka suka biya da shi.

Masu ci kuwa sanannu ne. A al'adar garin, magidanci mai iyali ya zauna a rumfa yana cin tuwon saye abin magana ne, sai a ce gidansa ba lafiya. Don haka rumfar ta baƙi ce, da gwauraye, da direbobi da yaran mota, da ƴan ci-rani da suka baro ƙauye bayan kaka. Mai tuwo ta san wanda zai biya yau da wanda sai ƙarshen wata, tana riƙe da lissafin a ka, kuma ba a jin ta kai wani ƙara. Almajiri ya wanke kwanoni ya sami ƙanzo. Wanda ya zo garin ba shi da kowa, a nan yake jin inda ake neman lebura da inda ake ba da hayar ɗaki. A shekarun yunwa, ta 1973 zuwa 1974 da kuma ta 1984 wadda jama'a suka raɗa wa suna El-Buhari, malmala ta ƙanƙance, wasu murahun suka mutu, amma waɗanda suka rage sun riƙe rayukan da babu ofishin da ya ƙidaya su.

Da dare gari na mahauta ne. Su ba kamar masu tuwo ba, suna da shugabanci tsayayye a ƙarƙashin Sarkin Fawa, sana'ar kuma gado ce. Tsire a kewaye da tukuba, balangu a kan waya, sa'an nan kilishi, wanda ake feɗe nama har sai ya yi kamar takarda, a shanya, a tsoma a labu na ƙuli-ƙuli da yaji, a sake shanyawa, a gasa. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu, kuma kowane ɗan Damagaram yana da nasa mahauci da zai rantse babu kamarsa.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, tasha ta zama sabuwar cibiya. Motocin gyaɗa da na Kano, ta Matamai ko ta Magarya, da na Agadas da na Difa, duk a nan suke haɗuwa. Sai ga teburin mai shayi, da dogon benci, da buredi irin na Faransa, da madarar gwangwani da Nescafé da ƙwai. Masana'antar SOTRAMIL ta gwada mayar da hatsin gida gari da taliya. Teburin mai shayi ya yi wani aiki da rumfar tuwo ba ta yi ba: ya tara ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi a gaban rediyo guda. A nan aka bi zaman taron ƙasa na 1991, a nan aka kwana ana jiran sakamakon zaɓen 1993 da ya kai ɗan garin, Mahamman Usman, kan kujerar shugaban ƙasa. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, madara da garin buredi suka yi tsada, mutane da yawa suka koma ga koko da ƙosai da ɗanwake da dambu, waɗanda da ma ba su je ko'ina ba.

Gyaran tsakiyar gari na zamanin nan ya zo ne ta hanyar bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba. A 2006, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka soma zagayawa da bikin jiha jiha, kuma Zinder aka fara ba. Aka farfaɗo da tsarin a 2014 da Doso, Maraɗi ta yi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa ta yi Sakola a 2017, sa'an nan a 2018, shekarar cikar Jamhuriya sittin, aka yi Zinder Sabuwa. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an yi gine-gine, an gyara filin jirgin sama, ita ma Kasuwar Dole ta sami sabon gini. Kafin nan jami'a ta buɗe a 2010, matatar mai ta SORAZ ta soma aiki a 2011, ta kawo iskar gas da ta rage wa wasu masu girki hayaƙi da kuɗin itace. Wanda ya ce garin bai amfana ba, bai faɗi gaskiya ba. Matar da take soya ƙosai a ƙarƙashin fitilar titi ta fi wadda take yi da aci-bal-bal samun ciniki da kwanciyar rai, ɗalibai kuma sun zama sababbin masu ci da ba a san da su ba a da.

Sai dai ɗan garin da ya daɗe a Yamai ko Kwatano ko Kano, in ya dawo yana neman rumfar da ya saba, sau da yawa titi mai faɗi zai tarar a wurin. Dalilin a fili yake. Mai zanen gari yana auna hanya da magudanar ruwa da shaguna masu lamba, rumfar kara kuwa ba ta da takardar fili, ba ta cikin taswira, ita ce ta farkon tashi in an zo faɗaɗawa. Shagon siminti yana da haya ta wata wata da kuɗin wuta, ribar tuwo ba ta ɗaukarsu, sai mai sayar da wayar salula ko kayan gini ya shiga. Mai tuwo ta koma lungu ko bayan gari, masu cinta kuma ba su bi ta duka ba, domin cinikinta na wuri ne: direba yana ci a inda ya ajiye mota. Wasu tsufa ne ya ɗauke su, ƴaƴansu sun yi lakwal, ba su gaji muciya ba, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Amma na waɗanda aka tasa ba a ba su madadi ba, akwai gyara a ciki.

Birni ma tana da nata kukan. Tun 2006 unguwar da fadar Sarki suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya, amma ginin ƙasa yaɓe yake so kowace shekara, kuma magina masu iya zanen bango suna ƙaranci. A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Idan masallaci mai wannan daraja ya faɗi, ina ga zaurukan da aka yi shekaru ana sayar da waina da fura a cikinsu? Suna zubewa ɗaya ɗaya ba wanda ya rubuta.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin kilomita guda na kwalta ba. A duk sabon tsari, a ware wa masu abinci fili kusa da tasha da kasuwa da asibiti, mai inuwa da famfo da magudana, a kan kuɗin da mai tuwo za ta iya biya kullum maimakon wata wata. A nemi shawarar Sarkin Fawa da masu unguwanni da shugabannin mata kafin a zana layi, domin sun fi injiniya sanin inda jama'a suke tsayawa. Akwai kuma aiki na gaggawa da ya rataya a wuyan fada da jami'a da gidajen rediyon garin: dattawan da suka ci a rumfunan shekarun 1950 da 1960 suna nan da sauransu, tsoffin direbobi da mahauta da matan da suka yi talla suna ƙanana. A zauna da su unguwa unguwa, daga Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari, a ɗauki muryarsu, su faɗi sunan kowace mai tuwo, da inda murhunta yake, da abin da take dafawa, da nawa ake sayar da malmala a lokacin. Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, ita ce ta fi dacewa da fara wannan zagaye, domin a ranar ne mutanen ƙauyuka suke shigowa, kuma da yawansu sun fi ƴan birni riƙe sunayen.