Ɗan Baƙo da Makarantar Boko a Poli da Kewayen Garwa

Poli ita ce hedikwatar gundumar Faro, kudu da Garwa, kusa da iyakar jihar Adamawa ta Nijeriya. Ƙasar Doyayo ce da Dupa, amma Fulatanci ne harshen kasuwa. Fatake Hausawa kuwa sun daɗe da sanin kasuwannin kwarin Binuwai.

Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Faransawa suka gaje su bayan 1916, suka mai da Faransanci harshen aji. A irin wannan makaranta ta Garwa Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, ya yi karatu. Sai dai makarantun sun fi yawa a kudu, arewa ta zauna a baya.

Daga shekarun 1970 baƙi suka ƙaru. Gwamnati ta kwaso manoma daga Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai, an kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974, sannan madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta jawo masunta, har daga Nijeriya da Cadi.

To, mu dubi ɗan Bahaushe ɗan shekara shida. A gida Hausa yake yi, a kan titi Fulatanci, a makarantar allo Larabci. Ran da ya shiga aji sai a tarbe shi da harshe na huɗu, wanda iyayensa ba sa ji, balle su duba masa aikin gida. Idan ya yi shiru, malami ya ɗauka daƙiƙi ne. (Ɗaliban harshe su lura: yaron nan ya fi malaminsa yawan harsuna a lokuta da dama.)

An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2000, amma kuɗin ƙungiyar iyaye da na littattafai bai tafi ba. A ganina, abin da ya fi karya ɗan baƙo shi ne takardar haihuwa. Wanda aka haifa a gida ko a sansanin masunta ba a cika yi masa rajista ba, kuma idan wa'adi ya wuce sai an je kotu, da kuɗi da shaidu. Baƙon da ke ɗari-ɗari da hukuma ba ya zuwa. Yaro ya yi shekara shida yana karatu, ran rajistar jarrabawar kammala firamare a ce ya kawo takarda. Da yawa daga nan suke komawa gonar auduga ko bakin ruwa.