Daga tukunyar ungozoma zuwa shayin leda: tarihin abin da mai ciki ke sha a Kura da Bunkure

Tun kafin ruwan Tiga ya iso gonakin Kura da Bunkure, mai juna biyu a wannan yanki tana da abin shanta na musamman. Idan ciki ya tsufa, musamman na fari, akan mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, a ɗora mata tukunyar saiwoyi da sassaƙe masu ɗaci da ake kira maganin zaƙi. An yi imani cewa zaƙin da ya taru a jiki shi ke tsawaita naƙuda, don haka sai an wanke shi kafin ranar haihuwa. Ungozoma ko wata dattijuwa ce ke zaɓen itacen, ita ke faɗin watan da za a fara da yawan da za a sha. Ko an yarda da maganar zaƙi ko ba a yarda ba, tsarin yana da mai sa ido, kuma yana da awo.

Wannan ilimi ya shiga rubutun boko da wuri. A 1916 likitan mulkin mallaka J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Daga tsakiyar shekarun 1970, Nina Etkin da Paul Ross suka zauna a wani ƙauye kudu maso gabashin birnin Kano, suka nuna cewa a wurin Bahaushe iyakar da ke tsakanin abinci da magani siririya ce. Tsamiya, citta, zogale da yakuwa duk abinci ne a kwano, magani ne a tukunya. Abin da ke raba biyun shi ne yawa, da ƙarfin dahuwa, da halin da mai sha take ciki.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Noman rani ya kawo shinkafa, alkama, tumatir da kuɗi. Ya kuma kawo ruwa kwance a watannin da ƙasa ta saba bushewa, wato wurin hayayyafar sauro. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa mai ciki illa, musamman mai cikin fari: yana shanye jini, yana sa a haifi jariri ƙasa da nauyin da ya kamata. Maganin da ya fi kusa da hannu shi ne ganyen darbejiya, bishiyar da asalinta daga yankin Indiya take, wadda aka shigo da ita Borno a 1928, ta bazu har aka ɗauke ta 'yar gida. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna man 'ya'yanta na iya hana ciki zama. Babban haɗarin kuwa shi ne jinkiri: kwanakin da aka shafe ana shan dafaffen ganye kwanaki ne da ƙwayar cutar ke ci gaba da aikinta a mahaifa.

Wani bincike da likitoci suka yi kan abin shan mata a ƙasar Hausa, a kan mai jego ne. A Zariya, Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, suka wallafa sakamako a 1978. Sun ɗora zargi a kan kunun kanwa mai yawan gishiri, da wankan jego na kwana 40, da kwanciya a gadon wuta. Wannan bayani ya daɗe a littattafan likitanci. Sai a shekarun 2010 Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka sake duba lamarin, suka ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin masu cutar ya fi waɗancan al'adu alaƙa da ita. Darasin ya shafi kowa. Daɗewar al'ada ba ta wanke ta daga zargi, hukuncin likita na farko ma yana jiran bincike na gaba.

Yau tukunyar ta sauya kama. A kasuwar Kura da shagunan magungunan Musulunci ana sayar da hulba, na'a-na'a, sanamaki, kanumfari da haɗe-haɗen da aka ƙulla a leda ko aka zuba a kwali da sunan shayi, ga kuma tallarsu a rediyo da WhatsApp. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, tana bai wa irin waɗannan kaya lamba, amma rubutun da ke jikinsu yakan bayyana cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Lambar ba shaida ba ce cewa an gwada haɗin a kan masu ciki.

Abin da bincike ya tabbatar kaɗan ne, amma yana da amfani. Citta 'yar kaɗan, kimanin giram 1 a rana, tana rage tashin zuciyar laulayi. Hulba mai yawa ana gudun ta motsa mahaifa. Sanamaki mai zawo ne, ba abin sha kullum ba. Zoɓo yana sauke hawan jini, kuma wani bincike da aka yi a Sudan a 1994 ya nuna shi da ruwan tsamiya suna rage yawan kulorokwin da jiki ke ɗauka, abin da ke tuna cewa abin sha na iya raunana ƙwaya. Shayin mai shayi ma yana da nasa: yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini idan an sha su tare, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu ciki da ke shan kafeyin fiye da miligiram 300 a rana su rage. A yankin da ake yawan feshin ƙwari, ganyen da aka tsinko a bakin magudana yana iya zuwa da abin da ba a shuka ba.

Abin da ya ɓace tsakanin tukunya da leda shi ne mutumin da ya san mai shan, ya san watan cikinta, ya kuma san lokacin da za a ce ya isa haka. A Kura da Bunkure, wadda za ta iya riƙe wannan matsayi yanzu ita ce ma'aikaciyar ɗakin awon ciki, wadda ke auna jini, ta ba da Fansida ta rigakafin zazzaɓi daga wata na huɗu. Sai dai ba za ta san abin da ake sha a gida ba idan ba a gaya mata ba, matan kuma ba za su faɗa ba muddin suna tsoron a yi musu tsawa. Idan ta yi tambaya cikin mutunci, mai ciki kuma ta zo awo da ledar shayinta a hannu, za a iya sanin abin da ke ciki, da yawan da take sha, da maganin da take haɗa shi da shi.