Daga Wayar Tangaraho Zuwa Kwamfuta: Tarihin Lura da Kayan Aiki a Jos

Unguwar Laranto, wadda ke arewacin birnin Jos, an fi saninta da Kasuwar Katako, inda ake cinikin itace da hatsi. Amma kamar sauran unguwannin wannan gari da kuza ta haifa, zamanta ya dogara ne a kan dogo da wayoyi da turakun lantarki, waɗanda ba su taɓa tsayuwa da kansu ba sai da wani da aka ɗora wa alhakin lura da su dare da rana. Ƙa'idar wannan lura kuwa guda ce tun asali: abin da ba a shigar cikin rajista ba, ba a tambayar lafiyarsa, wanda ba a tambayar lafiyarsa kuma, ba a sanin ya sami matsala sai ɓarna ta riga ta auku. Magabata sun fahimci haka, shi ya sa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kafa diwani domin rubuta sunayen mayaƙa da rabonsu daga baitulmali.

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Ririwai suna narka kuza suna sayar wa fatake, har labarinta ya kai kunnen Kamfanin Neja, wanda ya aiko da masu bincike a shekarar 1902, ba da jimawa ba kuma aka kafa bariki a Naraguta. Da fari a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, sai da aka shimfiɗa ƙaramin dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Zariya, wanda ya iso har Jos. Da yake layin guda ne, wanda jirgi mai tafiya da mai dawowa ke bi, wajibi ne shugaban kowace tasha ya buga wayar tangaraho ga maƙwabcinsa ya nemi izini kafin ya saki jirgi, ya kuma rubuta sa'ar tashi da ta isowa a littafi. Saboda haka, ko an gama ginin sabuwar tasha an tura mata ma'aikata, ba ta shiga lissafi sai an ja mata waya, an ba ta alamar kira, an daidaita agogonta da na sauran, an kira ta ta amsa. Babban dogo daga Kafanchan ya iso a 1927, ya buɗe hanya zuwa Fatakwal, aka rufe ƙaramin a 1957, amma ladabin kira da amsawa bai gushe ba.

Lantarki ya zo da nasa darasin. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya tare ruwa a Kurra yana ba injunan haƙar kuza wuta, kuma a irin waɗannan tashoshi ma'aikaci kan zagaya da littafi lokaci bayan lokaci, yana karanta alluran ma'auni yana rubutawa, domin a gane alamar illa tun ba ta girma ba. Bayan kafuwar hukumar lantarki ta NEPA a 1972, da cibiyar da ke Oshogbo mai lura da manyan layukan ƙasa baki ɗaya, har zuwa 2013 da aka miƙa rarraba wuta a Filato da Bauchi da Binuwai da Gwambe ga kamfanin da ke da mazauni a Jos, buƙatar ba ta sauya ba, illa dai sannu a hankali na'ura ta riƙa karɓar aikin karantawa da kai rahoto daga hannun ɗan Adam.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, Jami'ar Jos tana cikin makarantun ƙasar nan da suka yi sammako wajen haɗa na'urorinsu da juna a ƙarshen shekarun 1990, kuma zaman da Cliff Missen na Jami'ar Iowa ya yi a cikinta a 1999 ne ya kai ga kafa shirin WiderNet a shekara ta 2000. A daidai wannan zamani, a wasu sassan duniya, aka fito da manhajojin da ke sa ido a kan na'urori: Ethan Galstad ya saki NetSaint a 1999, wadda ta koma Nagios a 2002, Zabbix ta bayyana a 2001, dukansu kuma suna amfana da ƙa'idar sadarwar na'urori ta SNMP ta 1988.

Idan mai kula da irin wannan tsari ya tashi shigar da kwamfutar wani ma'aikaci, sai ya rubuta sunanta da adireshinta, ya sa mata ƙaramar manhaja mai kai rahoto, ya buɗe mata ƙofa a katangar tsaro, sa'an nan ya ayyana abin da za a riƙa tambayarta, kamar cikar ma'ajiya da nauyin aiki, da haddin da in ta ƙetare za a yi gargaɗi, da wanda za a aika wa saƙo. Hikimar tana cikin tafsili, domin kwamfutar tebur ba kamar uwar garke ba ce mai kwana tana aiki: mai ita yakan kashe ta in ya tashi, don haka dole a ƙayyade mata sa'o'in lura, haka nan dole a bayyana wace na'ura ce take rataye da ita, don kada ɗaukewar wuta sau ɗaya ta haifar da ƙararrawa hamsin, har mai gadi ya saba da ƙara ya daina kulawa. A ƙarshe sai a zare wayarta da gangan, a tabbata saƙo ya isa.

Sai dai tarihin Jos ya nuna cewa rajista tana da fuska ta biyu. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin kuza a cikin sanyin Filato, kuma da littafin akawu ake ƙidaya su, da shi ake gane wanda ya gudu. Manhajar da ke auna lafiyar kwamfuta ma tana iya leƙen abin da mai ita ke rubutawa, malamai kuwa sun daɗe da bambanta hisba, wadda ke tsare maslahar jama'a a bayyane, da tajassusi, wanda shari'a ta haramta. Don haka ya kamata duk wanda zai shigar da kwamfutar wani cikin tsarin lura ya sanar da shi abin da ake aunawa da wanda ke gani, ya kuma tsaya iyakar abin da gyara ke buƙata.