Ƙaro da Kuɓewa: Abin da Ke Sa Ruwa Ya Yi Kauri

A kasuwannin Yamai, daga Katako har Wadata, ana sayar da ƙaro da busasshiyar kuɓewa, kuma dukansu polima ne a idon masanin kimiyya, wato dogayen sarƙoƙi na ƙananan ƙwayoyin sukari. Amma halinsu a ruwa ya sha bamban. Cokali kaɗan na garin kuɓewa ya isa ya sa tukunya yauƙi, shi kuwa ƙaron dakwara, ko ya kai kashi 30 cikin ɗari na haɗin, yana kwarara abinsa.

Bayani na farko shi ne yawan abin da aka narkar. Idan sarƙoƙin kaɗan ne, kowace tana yawonta ita kaɗai, kauri na ƙaruwa a hankali. Da zarar sun yi yawan da za su taɓa juna, sai su sarƙe kamar zaren da ya kuɓuce wa masaƙi. Daga nan, a yawancin irin waɗannan sarƙoƙi, ninka yawansu sau 2 kan ninka kaurin kusan sau 10.

Na biyu shi ne nauyin ƙwayar polimar, wanda ke ƙaruwa da tsawon sarƙarta. Hermann Staudinger, Bajamushen da ya ci kyautar Nobel a 1953, shi ya fara danganta kauri da tsawon sarƙa, daga baya lissafin masana Mark da Houwink ya daidaita dangantakar. Doguwar sarƙa ta fi mamaye fili, don haka ta fi saurin sarƙewa.

Sai dai wanda ya tsaya nan bai fahimci ƙaro ba. Nauyin ƙwayarsa ya kai dubban ɗaruruwa a ma'aunin dalton, ba ƙarami ba ne ko kaɗan. Sirrin yana ga siffa: sarƙar ƙaro rassa gare ta birjik, a dunƙule take, ba ta miƙewa balle ta kama maƙwabciyarta. Ta kuɓewa kuwa, dangin polimar da ake kira fektin, a buɗe take, tana jan ruwa. Shi ya sa mai haɗa tawadar allo yake zuba ƙaro ba tare da alƙalami ya toshe ba, wannan halin kuma yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin lemo a Turai suke sayensa.

Kanwa a miya tana sassauta kuɓewa ta saki yauƙinta, amma idan ta yi yawa kuma wuta ta daɗe, sarƙoƙin fektin kan tsinke. Yawan kuɓewar bai canja ba, tsawon sarƙar ne ya ragu, miya ta tsinke. Wannan gwaji ne da ɗalibin kimiyya a Jami'ar Abdou Moumouni zai iya maimaitawa da bututun gilashi da agogo kawai.