GUNGAWA DA TSIBIRAN KOGIN KWARA: ABIN DA TAFKIN KAINJI YA HAƊIYE A ƘASAR YAWURI

Ƙasar Katsina ba ta da tsibiri, babban kogi ma ba mu da shi, sai gulabe masu ƙafewa da rani. Saboda haka mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa mu da tsibiran Yawuri, waɗanda ke can jihar Kebbi. Abubuwa uku ne. Na farko, ruwayoyin baka na Yawuri suna danganta gidan sarautarsu da Hausawa fatake da suka fito daga ƙasar Katsina suka zauna cikin mutanen kogi. Na biyu, ruwan da ke sauka a yammacin jihar nan, wanda Karaduwa da Bunsuru da Gagare da Gada ke kwashewa, Rima yake faɗawa, daga nan ya bi gulbin Sakkwato ya shiga Kwara a arewa da Yawuri, ɗauke da ƙasar gonakinmu. Na uku kuwa, wutar lantarkin da muke kunnawa a unguwar GRA da cikin birni, wani kaso nata daga madatsar Kainji yake fitowa, wato madatsar da ta nutsar da waɗannan tsibirai.

Mutanen gungu

A bakin mutanen Yawuri, tsibirin da ke tsakiyar kogi shi ne gungu, daga nan Hausawa suka laƙaba wa mazaunansa suna Gungawa. Su kansu Reshe suke kiran kansu, harshensu kuma Tsureshe. Tare da su akwai Lopawa da Laru da Shangawa, da Kambari a kan tudu, sai kuma Sarkawa waɗanda sana'arsu su ce kawai. Zaman ɗan Adam a wannan kwari ya daɗe ƙwarai. Haƙe-haƙen gaggawa da masana kayan tarihi suka yi kafin ruwa ya rufe wurin, musamman a wani tudu kusa da Yelwa, sun tono kayan ƙarfe da tukwane da mutum-mutumin yumɓu na tun ƙarnonin farko na Miladiyya.

Daga Yawuri zuwa Busa, kogin yakan rabu rassa-rassa, ya bar tsibirai manya da ƙanana. Mafi girma shi ne Foge, wanda wasu ke cewa Hoge, shimfiɗaɗɗen fili ne tsakanin rassa biyu na kogin. Amfanin gungu na farko shi ne tsaro. Mahayin doki ba ya iya kai hari inda sai da jirgi, jiragen kuwa suna hannun masu gungu. Abin da ganuwa ta yi wa Katsinawa, shi ruwa ya yi wa Gungawa ba tare da sun ɗora tubali ko ɗaya ba. Har sarakunan Yawuri kansu, da yaƙin basasa ya tsananta a tsakiyar ƙarni na 19, sun bar Bin Yawuri suka fake a gungun Ikum, sai a shekarar 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fada Yelwa.

Haka kuma ta wannan yanki ne ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja suke ƙetare kogi, cikinsu har da Katsinawa. Masu jirage suna samun kuɗin fito, sarki yana samun nasa rabo. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda ɗan ƙasar Yawuri ne, ya yi bayanin wannan hulɗa a littafinsa na 1978 game da rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Turawan farko ma sun ratsa nan. A gurguzun duwatsun Busa Mungo Park ya halaka a 1806, kuma a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka hau jirgi daga Busa zuwa Yawuri neman takardunsa, suka ba da labarin tsibirai cike da jama'a da gonaki.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Arzikin gungu ya dogara ne a kan wata baiwa da Kwara ke da ita a wannan yanki, wato cikowa sau biyu a shekara. Cikowar farko tana zuwa ne daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan damina ne na ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Katsina, gurɓatacce da laka, shi ake kira farin ruwa. Ta biyu kuwa tana isowa ne cikin sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ruwan sama ne da ya sauka tun da damina a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso a tace. Shi ne baƙin ruwa.

Farin ruwa shi ne mai kawo taki. Kowace shekara yakan shimfiɗa sabuwar laka a gefen tsibirai, manomi bai saya ba, bai ɗauko a kan jaki ba. Baƙin ruwa kuma shi ne mai ban-ruwa, domin yana ɗaga kogi ya kawo shi kusa da bakin gona daidai lokacin da ko'ina a ƙasar Hausa ya bushe. A kan wannan tsari Gungawa suka gina noman albasar da ta yi wa Yawuri suna. Sukan yanka ƙananan fangali a gaɓar gungu, su riƙa ɗebo ruwa da ƙwarya suna shayarwa safe da yamma, aiki mai cin jiki wanda duk gida ke fita dominsa. Da damina kuma su noma gero da dawa a tsakiyar gungu inda ruwa ba ya kaiwa, da shinkafa a kwari. Mutum ɗaya yana da kaka biyu ko uku a shekara, ga kifi a bakin ƙofa.

Kifin ma da cikowar ruwa yake tafiya. Idan ruwa ya malala cikin ciyayi, nan tarwaɗa da bargi da yauni da ƙurungu ke shiga su yi ƙwai, ƙananan su girma a ɓoye, ruwa na janyewa masunta su tare su a bakin ƙoramu. Akwai ayu, akwai kada, akwai dorina wadda ke ɓarnar gonaki da kifar da jirage, kuma daga farautarta ne ake danganta asalin bikin Rigata da ake yi a Yawuri. Bayan ruwa ya janye sai ciyawar burugu ta rufe filin Foge, Fulani su kwararo da shanu su ci rani a kanta, su bar wa manoma kashin shanu, a yi musayar nono da hatsi. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga littafin baitulmali. Laka ba ta da rasit, burugu ba shi da lambar fili. A ganina wannan ne ya sa da aka zo lissafin diyya aka ƙidaya ɗakuna da rumbuna da itatuwa masu 'ya'ya, aka tsallake abin da ya fi su daraja.

Sai dai kogin yana da nasa sharri. A gurguzun duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi, musamman wajen Busa, wani ɗan baƙin ƙuda yake hayayyafa, cizonsa yana sa cutar da ke makantar da mutane tun suna da sauran ƙarfinsu.

Zuwan madatsa

An kafa hukumar madatsun kogin Kwara a 1962. Aka fara ginin Kainji a 1964 da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, kamfanin Impregilo na ƙasar Italiya ya yi aikin. An toshe kogi a watan Agusta na 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe madatsar a farkon 1969. An tsara ta da gurbin injina 12, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 130 da 'yan kai, faɗinsa a daidai Foge ya haura kilomita 20, ya rufe fili kimanin murabba'in kilomita 1,250. Tsohon garin Busa ya nutse, haka Foge da mafi yawan tsibiran da ke kudu da Yelwa.

Mutane kimanin 44,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Da farko kuɗi aka yi niyyar ba kowa ya gina wa kansa, da aka ga abin bai tafi daidai ba sai hukuma ta koma gina gidajen da kanta. Wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, shi ya tsara Sabuwar Busa da sababbin ƙauyukan, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya amma da bulon siminti da rufin asbesto. In an kwatanta da yadda aka yi wa mutanen da tafkin Kariba ya tasa a kogin Zambezi shekaru goma kafin nan, za a ce an kyautata wa mutanen Kainji, kuma masana da dama sun faɗi haka. Amma gida daban, gona daban. An ɗauke manomin gungu an ajiye shi a kan jigawa, inda ƙasa ke son hutu da taki, inda ruwa ya yi nisa da fangali. Noman albasa ya faɗi a shekarun farko. Makiyaya kuwa, da yake ba su da ɗaki ko rumbu a Foge, sun rasa makiyayar rani ba tare da sun shiga lissafi ba.

A ƙasan madatsa ma an ji a jika. Da aka riƙe farin ruwa a tafki, fadamun ƙasar Nupe suka daina samun cikowar da suka saba, noman shinkafa da kamun kifi suka ragu ƙwarai.

Abin da ya biyo baya

Shekarun farko na tafkin shekarun kifi ne. Ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe suka ruɓe suka zama abinci, faliya ta yi yawan da ba a taɓa gani ba. Kamun shekara ya haura tan 28,000 a farkon shekarun 1970, masunta suka yi ta tururuwa daga Kebbi da Sakkwato da ƙasar Nupe har da ƙasashen maƙwabta. Kafin ƙarshen shekarun ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Daga baya aka koma kan 'yan mitsi-mitsin kifin nan warangi, ana jan su da babbar komar da ake kira dala, wadda ƙananan idanunta ba sa barin ko 'ya'yan manyan kifaye. Wannan ne ya sa aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na shekarun 1990 ya dage a kan hana dala da yi wa masunta lasisi, tare da sarakunan Yawuri da Borgu. Cibiyar binciken da aka kafa domin tafkin tana nan a Sabuwar Busa, ta zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya. A ƙarshen shekarun 1980 kuma wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta gangaro daga sama ta riƙa toshe mashigai da yage komaye.

Ta fuskar lafiya musanya aka yi. Tafki ya rufe duwatsun da ƙudan makanta ke haihuwa, cutar ta ja baya a saman madatsa, amma kwantaccen ruwa ya yi wa dodon koɗi daɗi, tsargiya ta samu wurin zama.

Noma kuwa ya farfaɗo ta hanyar da masu tsara madatsa ba su zata ba. Kowace shekara ruwan tafki yakan sauka da kimanin mita 10 kafin sabuwar cikowa, ya bar fili mai danshi a gefe, har wani sashe na Foge ya sake bayyana, masunta su kafa tunga, shanu su dawo. Gungawa suka bi wannan fili da shuka, da injin ban-ruwa mai aiki da fetur ya yawaita kuma suka ajiye ƙwarya, albasar Yawuri ta koma kasuwa. Wolf Roder, masanin labarin ƙasa da ya bi diddigin mutanen, ya nuna wannan farfaɗowa a littafinsa na 1994.

Abin da bai dawo ba shi ne zaman gungu kansa. Ruwan da ya tsare Gungawa daga mahara shi ne kuma ya tsare musu harshe da al'ada. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yawuri a farkon shekarun 1970, ya rubuta yadda Bagunge kan rikiɗe ya zama Bayawure mai magana da Hausa, da yadda tashin ya ƙara wa abin sauri, tunda yanzu ga hanya, ga kasuwa, ga makaranta, duk da Hausa. Mu Hausawa mukan ɗauki irin wannan a matsayin ƙaruwa, ba mu cika tambayar abin da ya tafi tare da harshen ba, kamar sunayen kifaye da na rassan kogi da ƙa'idojin rabon gaɓa.

Akwai kuma itatuwan da ba a sare ba kafin a tare ruwa. Kututturansu suna nan tsaye a ƙarƙashin tafki fiye da shekara 50, suna cikin abubuwan da ke fasa jirage, tare da lodin da ya wuce kima da tsufan katako. Mutanen da dā ke haye ɗan reshen kogi da sanda, yau suna ratsa buɗaɗɗen ruwa mai igiya domin cin kasuwa. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga yankin Borgu ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, HYPPADEC, an sa mata hannu tun 2010, amma sai bayan kimanin shekara goma hukumar ta fara aiki, kuma cikin ayyukanta na farko akwai rabon rigunan kariya daga nutsewa da sare waɗannan kututtura. Ita kuwa tashar Kainji, tun 2013 tana hannun kamfanin Mainstream bisa yarjejeniyar haya, wutarta tana shiga babban layin ƙasa, daga can ta biyo ta Kano ta iso Katsina.