Kalaman Tunzura Zuciya a Musun Sauyin Yanayi: Misalin Climategate

Kalaman tunzura zuciya su ne waɗanda ake zaɓa domin su tayar da fushi, tsoro ko raini a ran mai karatu tun bai auna hujja ba. A muhawarar sauyin yanayi da ake tafkawa a intanet, masu musun ɗumamar duniya sukan yawaita kalmomi irin su "yaudara", "damfara" da "maƙarƙashiya". Aikin waɗannan kalmomi shi ne kawar da zance daga kan alƙaluman zafi, a mayar da shi kan amanar masanan da suka tattara su.

Fitaccen misali ya auku a watan Nuwamban 2009, lokacin da aka yi kutse a kwamfutocin Sashen Binciken Yanayi na Jami'ar East Anglia da ke Ingila, aka watsa saƙonnin imel sama da 1,000, ana saura makonni kaɗan a buɗe taron yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kopenhagen. Nan take aka laƙaba wa lamarin suna Climategate, domin a tuna wa jama'a badaƙalar Watergate wadda ta sa shugaban Amurka Richard Nixon ya yi murabus a 1974. Sunan kansa ya yanke hukunci tun ba a fara bincike ba.

Abin da aka fi yayatawa shi ne saƙon da daraktan sashen, Phil Jones, ya rubuta a 1999, inda ya ambaci "dabara" da "ɓoye raguwa". Jama'a da dama sun ɗauka zafin duniya ne ke raguwa ana rufa-rufa. Alhali raguwar da yake nufi ta shafi ƙiyasin da ake samu daga zoben jikin itatuwa ne, wanda bayan 1960 ya saɓa da ma'aunan zafi da ke nuna hauhawa.

A 2010, kwamitin kimiyya na Majalisar Dokokin Birtaniya da kwamitin Sir Muir Russell ba su sami shaidar ƙirƙirar alƙaluma ba, ko da yake sun soki sashen kan ƙin sakin bayanai ga masu nema. Sai dai zargi ya riga wankewa isa kunnen jama'a, domin kalma biyu sun fi dogon bayani saurin yaɗuwa.

Salon ya ɗore a siyasar Amurka. A 2012 Donald Trump ya rubuta a Twitter cewa Sinawa ne suka ƙirƙiro batun ɗumamar duniya domin su durƙusar da masana'antun ƙasarsa.

A 2021, kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya tabbatar da cewa ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama duniya, da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Selsiyas. Hanyar gane kalaman tunzurawa ita ce a duba ko magana ta kawo awo ne da za a iya tantancewa, ko kuwa niyyar wani kawai take tuhuma.